Amsa: Kwana biyu a Las Vegas ga wanda ba ya caca

Ɗan'uwa, ka ce taro ne zai kai ka Las Vegas, birnin Amurka da ya shahara da caca, kwana biyu za su rage maka, kuma kana tambaya ko akwai abin kallo ga wanda bai da ruwa da caca. Akwai, amma ka shirya: a manyan otal-otal na babban titin da ake kira Strip, sai ka ratsa ɗakin injinan caca kafin ka kai ga lifta. Da gangan aka gina su haka. Akwai otal-otal ɗin da ba su da gidan caca, su za ka nema. Kafin ka biya, duba kuɗin da ake ƙarawa kowane dare a kan farashin ɗakin, domin a nan ake cin baƙo.

Titin ya kai kusan kilomita 7, kuma ginin da kake hange kamar kusa yana da nisa. Da rana a watan Yuli zafin yana wuce digiri 40, sai ka fita da yamma. Rawar ruwan da ake yi gaban otal ɗin Bellagio kyauta ce.

Rana ta biyu, a ganina, ka bar garin gaba ɗaya. Madatsar Hoover, wadda aka kammala a 1936 kan kogin Colorado, ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba. Daga tafkin Mead da ke bayanta garin ke shan yawancin ruwansa, kuma farin zanen da ke jikin duwatsu zai nuna maka yadda ruwan ya ja baya.

Masallatai da gidajen abincin halal suna nan, sai dai mota za ka hau.