Kwanciyar gashi

Yarona, ajiye almakashin nan ka matso. Tun da Alhajin nan ya aiko ɗansa da doguwar fatar nan jiya kake juya ta, yau kuma ka tambaye ni abu biyu: me ya sa mai hawan dutsen ƙanƙara zai manna gashi a ƙarƙashin allon zamiyarsa, kuma me zai hana mu yanka masa sabuwa daga jar akuyarmu maimakon ɗinke wannan da ta yage. Tambayar baduku ce, na kuma ji daɗinta.

Miƙo buzun can. Shafa shi daga wuya zuwa wutsiya. Ka ji hannunka ya wuce sumul? To dawo da shi baya. Gashin ya miƙe ya tokare ka. Duk sirrin abin ke nan. Mai doguwar fatar nan yana zaune a Faransa, farkon watan Yuni yake son ya hau Mont Blanc, dutsen da ke kan iyakar Faransa da Italiya, mai tsawon mita 4,800 da 'yan kai. Ba ɗaukar allunan zai yi a kafaɗa ba, a ƙafarsa za su kasance, dunduniyar takalmin a sake, yana jan ƙafa kamar mai tafiya da silifa cikin rairayi. In ya tura gaba gashin ya kwanta, allon ya wuce. In nauyinsa ya so ya mayar da shi baya, dubban gashin nan su cije dusar ƙanƙara su riƙe shi. Sai ya kai ƙololuwa zai ɓare fatar daga allon, ya naɗe ya sa cikin riga, ya kulle dunduniya, ya sulalo.

Duba bayanta da kyau, ba fata ba ce ma. Saƙa ce. A da can da fatar wata dabbar teku da ake kira sil suke yi, shi ya sa har yau Faransawa da sunan fatar dabbar suke kiran abin. Yanzu gashin akuya ne ake saƙawa a kan ƙyalle mai ƙarfi, akuyar Angora, wadda ta samo suna daga birnin Ankara na Turkiyya, ko da yake Afirka ta Kudu ce ta fi kowa samar da gashinta a yau. Wasu sukan gauraya shi da nailan don ya daɗe. Ka ga ashe da akuya suke hawan dutsen, wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma tamu ba za ta yi ba, kuma ba raina ta nake yi ba. Jar fatar Sakkwato ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi tun kaka da kakanni, Turawa suka riƙa sayenta da sunan fatar Maroko suna yi wa manyan littattafansu bango. Sai dai darajarta a fuskarta take, bayan majema sun tuge gashin sun jeme ta da bagaruwa. Ko ka bar mata gashin, fata aba ce mai shan ruwa. Ka tuna yadda takalmi ke yi in damina ta jiƙa shi, rana ta busar? Ƙandarewa yake. To can ruwan da ta sha daskarewa zai yi a cikinta, ta zama kamar katako, ta ƙi bin jikin allon, ta karye a wurin lanƙwasa. Ga nauyi kuma, a wurin da iskar shaƙa ta ɗan ɗara rabin wadda muke samu nan, inda mutum yakan yi taku goma ya tsaya haki.

Lokacin da ya zaɓa shi ne ya sa ban ɗauki aikin nan da wasa ba. A farkon Yuni, mu nan muna duban gabas ko hadari zai haɗo, su can ƙanƙarar dutsen narkewa take da rana, ta sake daskarewa da dare. Don haka ba a jiran gari ya waye. Masu bin hanyar da yaron ya gaya mini sukan kwana a wani masauki da ake kira Grands Mulets, sama da garin Shamoni, a tsawon mita 3,051, su fito wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare da fitila a goshi, lokacin da ƙasa take da tauri. Dole su juyo kafin rana ta yi ƙarfi, don da ta taɓa dusar sai ta yi laushi. Akwai ramuka masu zurfi a cikin ƙanƙarar da dusa ta rufe bakinsu, da asuba rufin zai ɗauki mutum, da azahar ya rufta da shi. Jiƙaƙƙiyar dusa kuma takan zame gaba ɗaya daga gangare ta binne abin da ta tarar. Yanzu ka ɗauka madaukin nan da za mu ɗinka, wanda ke maƙale fatar a goshin allon, ya tsinke da ƙarfe huɗu na asuba. Sa'a guda da zai ɓata yana ɗaure-ɗaure da sandararrun yatsu, ita ce za ta sa ya sauko a makare.

Ina kamar shekarunka na taɓa yi wa wani mahayi jakar sirdi da fata mai gashi, na juya kwanciyar gashin sama. Ruwan farko da ya same shi a hanya, maimakon ya gangare sai ya tsaya ya shige, ya ɓata masa takardun gonarsa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ajiye jakar a gaban maigidana ya tafi. Har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Saboda haka kafin ka soka basilla, shafa tukuna. Daga kan allon zuwa wutsiyarsa ne hannu zai wuce sumul, madaukin kuma a kai yake zama. Zaren nailan za ka ɗauka, na auduga ruwa yake sha. Ka tsayar da ɗinkin a ɗan wurin da ke lanƙwashewa sama, wanda ba ya taɓa ƙasa, ka yi layi biyu, ka ƙone bakin zaren. Kada ka rage faɗinta ko da ƙwayar gero, an yanka ta ne daidai yadda ƙarfen gefen allon zai fito ya ciji ƙanƙara.

Gefen mai danƙo kuwa, kada gam ɗinmu ya kusance shi. Nasu iri ne da ake mannawa a ɓare sau ɗaruruwa, kuma abu biyu ke kashe shi, ƙura da zafi, ga shi duka muna da su a rumfar nan. Share tabarma, wanke hannunka, ka bar ledar da ke kansa a manne sai iyakar inda za ka ɗinka. In ka gama kawo mini in ja da hannu biyu, sannan ka kai ta ɗakin ciki inda rana ba ta shiga.