Shin ƙaramar hukuma na iya hana haƙar gas ta hanyar farfasa dutse?

Malam, ka tambaya ko ƙaramar hukuma na da ikon hana kamfani tura ruwa da yashi da sinadarai ƙarƙashin ƙasa don farfasa dutse ya fito da gas. Ikon yana nan, amma igiyarsa gajera ce.

Makaminta izinin amfani da fili ne. A 2015 majalisar Lankasha ta Ingila ta hana kamfanin haƙar gas na Cuadrilla izini a wurare biyu: ɗaya saboda hayaniya da ɓata kyan karkara, ɗaya saboda manyan motoci a ƙananan hanyoyi. Ka lura, ba a kafa hujja da gurɓatar ruwa ba, don wannan hurumin wata hukuma ce daban. Duk da haka, a 2016 minista ya soke hukuncin wuri na farko. Girgizar ƙasa mai maki 2.9 ce ta sa gwamnati ta dakatar da aikin a 2019, alhali ƙa'ida ta ce a tsaya da zarar an kai 0.5.

A Amurka kuwa, garin Denton da ke jihar Tezas ya haramta wannan aiki da ƙuri'a a 2014, amma jihar ta ƙwace ikon a 2015.