Kafin ka goge makro, duba wa yake yi wa aiki

Ka tambaye ni ko za ka iya bin fayilolin kernel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ka share waɗannan makro, gajerun kalmomin umarni da ake maƙalawa a gaban fankshin (guntun lamba mai yin aiki guda), tunda a naka ganin ba sa tsinana komai. Yadda ake binciken kalma a fayiloli da grep da aika faci, wato gyaran lamba, ba zan ɓata bakina a kai ba, kowa ya san wannan.

Sharar tana da asali, ban musa ba. An cire makron fastcall a 2008, don kernel mai bit 32 na x86 (injinan Intel da ire-irensu) ya riga ya koma miƙa wa fankshin bayanai ta rejista, wato ƙananan ma'ajiyai na cikin furosesa, a ko'ina. An kwashe __devinit da __devexit a Linux 3.8, a 2013, bayan CONFIG_HOTPLUG, zaɓin da ke ba da damar jona na'ura ko cire ta inji na aiki, ya zama a kunne kullum. Amma lura, sai da suka tabbatar makro ɗin fanko ne a kowane irin inji kafin suka taɓa shi.

Tambayarka ta fama mini tsohon miki. Na taɓa yi wa wani mai kamfani kernel na na'urorin masana'anta, masu x86 bit 32. Wata biyar ina kai, aiki ya yi kyau, ni na san ya yi. Sai na ba wani yaro irinka ya gyara fasalin rubutun kafin mu miƙa. Ya ga makron asmlinkage, ya duba a kwamfutarsa mai bit 64 inda ba ya sauya komai, ya sa sed, manhajar sauya rubutu, ya share shi kaf cikin direbanmu, wato lambar da ke sarrafa na'urar. Ko ya tambaye ni! A bit 32 kuwa makro ɗin nan shi ke gaya wa gcc, kompailan da ke juya lamba zuwa yaren inji, cewa bayanan suna kan sitak, wato wurin da ake jibge su a ƙwaƙwalwar inji. Lambar asembili, wadda ke kiran fankshin ɗin, ta ɗora su a sitak kamar kullum, fankshin ya je yana lalube a rejistocin eax, edx da ecx, ya kwaso shara. Kompaila bai yi ko tari ba.

Na'urori suka riƙa sanƙarewa a hannun mutane, ba kullum ba, sai an bi ta wannan hanya. Kwana huɗu ban runtsa ba, ina bin objdump, mai nuna umarnin da kompaila ya fitar, layi-layi har idona ya yi jawur, kafin na gano. Na gyara cikin minti biyar. Mutumin ya karɓi gyaran, ya sa a na'urorinsa, sannan ya ce na karya alkawari, ya riƙe sauran kuɗina. Har gobe yana sayar da gumina.

Ku yaran yanzu gaggawar ganin sunanku a git log, jerin masu gyara, ce ke cin ku. Buɗe fayil ɗin linkage.h na kowane irin inji a ƙarƙashin foldar arch ka karanta da idonka. Ka gina kafin da bayan gyaran, ka kwatanta abin da ya fito. __init kuma ka bar shi, shi ke sa a saki ƙwaƙwalwar .init.text, inda lambar tada inji take, bayan inji ya tashi. Kawo mini facin in gani kafin ka aika wa kowa.