Ƙas-ƙas a injin Hilux da sassafe

Malam, ka ce Hilux ɗinka mai fetur tana ƙas-ƙas idan ka tayar da ita da safe, ƙarar kuma ta lafa in inji ya ɗau zafi. Fara duba baƙin mai, motar na tsaye a wuri shimfiɗaɗɗe. In ya yi ƙasa, ba ya isa kan bawul da wuri, sai su riƙa ƙara. Canza mai da filta tukuna.

In ba ta daina ba, zargina ya fi tafiya kan gasket, wato abin da ke toshe kafar da ke tsakanin inji da bakin salansa. Ƙarfe in ya yi sanyi yakan bar 'yar kafa, zafi kuma ya rufe ta. Nemi baƙin tabon hayaƙi a wurin, ko noti da ya karye.

Don gano inda ƙarar ke fitowa, inji na aiki, ɗora bakin dogon sukundireba kan murfin bawul, mariƙin a kunnenka, amma ka nisanci fanbel. Injekta, wato mai fesa fetur cikin inji, dama takan yi 'yar ƙara, ba laifi ba ne. Filogi mai sako-sako ma yana yin ƙara, amma shi matsala ce.

In kuwa bugu ne mai nauyi daga ƙasan inji, kashe ta, ka kira bakanike.