Yadda za ka gane ko firam ɗin kart ya lanƙwashe

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin kart, wato 'yar ƙaramar motar tsere, ta hannu, kana tsoron kada firam ɗin ya zama a karkace. Tsoronka yana kan hanya, domin kart ba ta da shokozoba. Bututun ƙarfen da aka yi firam ɗin da shi, mai kaurin milimita 30 ko 32, shi ke lanƙwasawa ya dawo a kwana. In ya karkace, za ta riƙa shiga kwanar dama lafiya, ta hagu kuwa ta ƙi, ko akasin haka.

Ka ajiye ta a daɓe mai shafe sosai, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe. Ɗaga gaban a hankali ka sauke: tayoyin gaba biyu su taɓa ƙasa tare. Sannan ka ɗauki tef ka auna a gicciye, daga kusar da ƙafar gaba ta dama ke juyawa a kai zuwa gidan boris na baya na hagu, ka maimaita ɗaya ɓangaren. Bambancin da ya wuce milimita 2 zuwa 3 abin dubawa ne. Ni wannan awon na fi yarda da shi, don ido yana ruɗi.

Kifa ta kuma ka duba ƙasan bututun. In kwalta ta cinye shi har ya baje, ƙarfen ya gaji. Duba walda wajen kujera da mazaunin inji. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai yakan ɓoye tsagewa.

Juya aksul ɗin baya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da hannu, kada ya yi rawa. Ana miƙe ƙaramar karkata a teburin awo na masu gyaran firam, amma ka sa kuɗin gyaran cikin ciniki.