Amsa ga Alhaji kan gandun farautar da aka sa a kasuwa a Faransa

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Alhaji, ranka ya daɗe, na ga tallan da ka turo jiya da daddare, na wancan gandun farauta da ake sayarwa a yankin Sologne, mai daji da tafkuna da gonaki da babban gida a tsakiya, ka ce tunda ina zaune a birnin Orléans, kusa da yankin, in faɗa maka ko abin a zuba kuɗi ne don noma. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ɗauki murya. A yi haƙuri da ƙarar motoci.

Alhaji, in noma kake nema, ka cire ranka daga Sologne. Ba noma ake sayarwa a tallan nan ba. Farauta ake sayarwa, da kaɗaici, da suna. Gonar da ka gani an ambata, sau da yawa don namun daji ake shuka ta, a sa masara ko wani abu su zo su ci su zauna a gandun, kada su tafi na maƙwabci.

Bari in faɗa maka yadda ƙasar wurin take. Sologne na kudu da kogin Loire, tafiyar kamar awa 2 a mota daga Paris, faɗinta wajen hekta 500,000, ta ratsa lardi 3: Loiret, Loir-et-Cher da Cher. Ƙasar yashi ce a sama, laka a ƙasa. In an yi ruwa ba ya nitsewa, sai ya kwanta. In bazara ta zo yashin ya bushe ƙayau. Shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru mutanen wurin suka ga gara su tare ruwan su yi kiwon kifi. Tafkunan nan da suka burge ka a hoto, kusan duk hannu ne ya yi su, kuma sun kai wajen 3,000 a yankin. Da can ma wurin talauci ne da zazzaɓin cizon sauro, e, a Faransa. Sai a zamanin sarkin Faransa Napoleon na 3, wanda ya sayi gida a garin Lamotte-Beuvron na yankin a 1852, aka shiga janye ruwa ana dasa itatuwa, ga jirgin ƙasa ya riga ya iso, masu kuɗin Paris suka soma sayen manyan filaye don su zo harbi ƙarshen mako. Har yau haka abin yake. Mafi yawan dajin, wajen kashi 90 cikin 100, na mutane ne, ba na gwamnati ba. Wanda yake son alkama, arewa da kogin yake zuwa, yankin Beauce, can ne rumbun Faransa, kuma can kuɗin hekta daban ne.

To yanzu ga abin da na fi so ka ji, maganar shinge. Ka koma ka duba tallan, in ka ga an ce gandun a kewaye yake da waya mai tsayi, ana alfahari da hakan, ka tsaya. Shekaru da dama masu gandu sun yi ta kewaye filayensu da waya mai tsayin mita 2, su tsare barewa da aladen daji a ciki, su yi ta ba su abinci suna hayayyafa, baƙi su zo su harbe. Dubban kilomita na waya aka ja a Sologne, har namun daji suka rasa hanyar wucewa. Mutanen ƙauyuka suka yi ta ƙorafi, har da wasu mafarautan da kansu, suna cewa wannan ba farauta ba ce, yanka ne. Wani sanatan Loiret, Jean-Noël Cardoux, ya kai ƙudiri majalisa, aka yi doka ranar 2 ga Fabrairu 2023. Dokar ta ce shinge a daji kada ya wuce tsayin mita 1 da santimita 20, a bar santimita 30 tsakaninsa da ƙasa don ƙananan dabbobi su ratsa, kuma kada ya zama mai ji wa dabba ciwo. An ba masu gandu wa'adi zuwa 1 ga Janairu 2027 su gyara. Shingen da ya haura shekara 30 kafin dokar an ɗaga masa ƙafa, amma mai gandun ne zai kawo hujjar shekarun. Masu gandu sun kai ƙara, majalisar kare tsarin mulki ta duba a 2024 ta bar dokar a tsaye.

Ka ga ke nan, in ka sayi gandu mai shingen da bai cika shekarun ba, kai za ka biya kuɗin sauke kilomita nawa ne na waya, kuma barewar da aka lissafa maka a cikin farashi za ta tsallake ta yi gaba. A ganina dokar ta yi daidai, dabbar daji ba akuyar ɗaure ba ce, amma mai saye ya san da ita kafin ya yi tayi. Dillali ba shi zai fara ɗago maka zancen ba.

Sannan ko filin naka ne, ba ka ɗaukar bindiga ka shiga yadda ka ga dama. Sai ka ci jarrabawar lasisin farauta, kana sabunta shi duk shekara, da inshora. Manyan namun daji kamar barewa akwai ƙa'idar adadi: a kowace kakar farauta ana ba gandu yawan da zai kashe, da wani abin hannu mai lamba da ake ɗaura wa dabbar a ƙafa kafin a ɗaga ta daga inda ta faɗi. Kuɗi ake biya a kan kowane. Kuma ba ƙayyade na sama kawai ake yi ba, akwai mafi ƙarancin da dole ka kashe, don in sun yi yawa suna cinye ƙananan itatuwa.

Alhaji, a nan akwai abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Dabbar da ta fi yawa a harkar nan aladen daji ne. Shi ne ke jawo masu biyan kuɗi su zo harbi, shi ne kuma ke fita da dare ya tone gonakin manoma. A Faransa ƙungiyoyin mafarauta na kowane lardi su ke biyan manomi diyyar ɓarnar, su kuma su tattaro kuɗin daga mafarauta da masu gandu, wanda wurinsa ya fi tara alade ya fi jin jiki. Wato ko ba ka ci, ba ka taɓa, sai ka sa an rage maka su, in ba haka ba hukuma ta turo nata mutanen. In kuma ka ba wasu hayar farautar, wanda shi ne babban abin da gandu irin wannan ke shigowa da shi, yawancin kuɗin daga harbin alade zai fito. Wannan tambaya ce ta malamai, ga su nan a zaure, su za su fi ni bayani.

Ɓangaren gonar kuma, ka tambaya ko akwai manomi a kai. Dokar hayar gona a Faransa tana bayan manomi ƙwarai. Mafi ƙarancin haya shekara 9, yana da haƙƙin sabuntawa, kuɗin hayar hukumar lardi ce ke sa masa iyaka, kuma in za a sayar da gonar, shi ake fara yi wa tayi. Har ma yana da ikon ya yi farauta shi da kansa a gonar da yake haya. Bayan shi akwai wata hukuma, SAFER, da aka kafa tun 1960. Duk cinikin ƙasar noma sai an sanar da ita, tana da wata 2 ta ce ita za ta saya a madadinka ta miƙa wa manomin yankin, kamar dai haƙƙin shuf'a da muka sani a fiƙihu. Kana iya gama ciniki, ka shirya kuɗi, a zare maka gonar.

Dajin shi ne abin da zan ce yana da ɗan amfani na gaske. Ana sayar da katako, kuma gwamnati na yafe kashi 75 cikin 100 na darajar daji wajen lissafin harajin gado, in an ɗauki alkawarin kula da shi shekara 30. Attajiran nan da yawa don wannan suke saye, su bar wa 'ya'ya. Amma daji in ya kai hekta 20 sai da rubutaccen tsarin sara da dashe wanda hukuma ta amince da shi. Tafkuna kuwa ana zubar da ruwansu lokacin sanyi a kwashe kifi, sai dai gyaran madatsa da yashe laka na cin kuɗi, ga tsuntsayen ruwa baƙaƙe da ke wawure kifin, ga izinin da ake nema kafin a saki ruwa. Ka nemi takardar da ta nuna kowane tafki halastacce ne a wurin hukumar ruwa, wannan kada ka yi wasa da shi.

Ka ƙara da albashin mai gadi wanda zai zauna a wurin shekara cur, da ɗumama ƙaton gida da sanyi, da harajin ƙasa, da harajin masu kadarorin da suka haura Yuro miliyan 1.3, da kuɗin rajista wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 tun ranar sa hannu.

Wani ya tambaya a ƙasa ko sayen gandun zai ba mutum takardar zama. A'a. Baƙo na iya sayen fili a Faransa, ba a hana ba, amma mallakar fili ba ta ba ka izinin zama, biza za ka nema kamar kowa.

In sha'awar ganin wurin ce, Alhaji, ka zo a watan Satumba ko farkon Oktoba in kai ka Chambord. Gandun gwamnati ne, hekta 5,440, da katanga mai tsawon kilomita 32, ana shiga a tsaya a ɗakunan leƙe da yamma a ji manyan barewa na ruri lokacin barbara. In kuma har yanzu ranka na kan wancan, ka sa dillalin ya turo shekarar da aka ja shingen, da takardar hayar gonar, da takardun tafkunan, da adadin dabbobin da aka ba su izini a shekarun baya, ka turo min ta gefe in karanta maka Faransancin. A gaida Hajiya da yara. Wassalam.