Rumfar Fure a Gidajenmu na Ɗa'ifa: Amsa ga Ɗan Ƙanina na Zariya

Assalamu alaikum ɗana. Tambayarka biyu ce, ko da yake ka cuɗe su wuri guda. Ka ce me ya sa mu Hausawan Saudiyya muke ɓata ruwa a kan shukar da ba a miya da ita, sannan wane irin kilematis, wato furen nan mai yaɗo, za ka saya ka ɗora wa rumfar sabon gidanka, tunda ka gan shi a hoton gidana ya burge ka.

Bari in fara da ta farko, don ita ce ke amsa ta biyun. A gida kun saba da fili. Duma ko soso ya hau danga ya zarce gidan maƙwabci, ba mai magana, ƙarshenta ma a raba 'ya'yan. Nan ba haka ba ne. Mafi yawanmu a Makka da Jidda da Ɗa'ifa a gidan haya muke, bango manne da bango, abin da mutum ke da shi ɗan tsakar gida ne ko rufin soro. A can saman mata ke shanya, a nan suke shan iska bayan la'asar, kuma tagogin benen da ke kusa na kallon wurin. Rumfar yaɗo sutura ce kafin ta zama ado. Tsofaffinmu da suka ratso Sudan da ƙafa suka haye teku daga Sawakin ba su bar noma ba, sun dai mayar da shi cikin gwangwani: yakuwa, lalle, kuɓewa, zogale a rabin duro. Fure daga baya ya shigo, mun koya wurin mutanen gari, kuma Ɗa'ifa garin wardi ne da inabi da rumman.

Saboda haka ba kyau muke fara tambaya ba in an kawo mana shuka, halinta muke tambaya. Tana tsayawa inda aka ajiye ta? Reshen da ya tsallaka katanga ya zubar wa maƙwabci ganye a bakin tanki abin kunya ne a wurinmu, kuma mai gidan haya ba ya dogon bayani. Nawa take sha? Ruwan da muke amfani da shi na teku ne da aka tace a Shu'aiba, bakin Bahar Maliya, aka turo shi kan dutse, in famfo ya ɗauke sai sayen tanka. Shi ya sa za ka ga bokiti a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yana tarar ɗigo, da yamma a juye wa shuka.

Kilematis kuwa baƙo ne ko a nan. Abin da ke bisa rumfunan mutanenmu jahannamiyya ce, furen yaɗon da Turawa ke kira bougainvillea, mai ƙaya, mai jure ƙishi, sai fulla, wani irin yasmin mai farin fure, don ƙamshi, sai inabi. A Makka da Jidda, inda zafi ke kai digiri 40 har ya wuce, ba mai wahalar da kansa da kilematis. Ɗa'ifa ta sha bamban don tana bisa tudu kimanin mita 1,800, garuruwan Hada da Shafa da ke kusa sun fi ta tsawo, kuma muna samun sanyin hunturu na gaske, wanda shukar ke bukata ta yi barci kafin ta sake toho. Kilematis yana ma da 'yan'uwa na daji masu ƙananan fararen furanni a duwatsun Asir, kudu da mu.

A cikin ire-iren kilematis na lambu akwai marasa jin magana. Montana, ɗan duwatsun Himalaya, yana iya kai mita 10, ya danne rumfar gora har ta durƙushe. Terniflora ya tsere daga lambuna ya zama annoba a gabashin Amurka saboda yawan zubar da iri, haka vitalba ya yi a Niyuzilan. Duk wanda ya ba ka ɗayan ukun nan, ka gode masa ka bar masa kayansa.

Wanda na yarda da shi dangin viticella ne, asalinsa kudancin Turai, don haka ya san rana. Yakan tsaya wajen mita 3, furensa ba manya ba ne amma yana yi da yawa, kuma ciwon nan da ke sa reshe ya yi yaushi dare ɗaya bai cika kama shi ba. Na hoton Étoile Violette ne, mai shunayya mai duhu. Akwai Madame Julia Correvon in ja kake so. Babban abin da ya sa suke da ladabi shi ne a sabon reshe suke fure. In Fabrairu ya yi sai in sa almakashi in datse komai, in bar kamar santimita 30 daga ƙasa, a saman ido biyu masu ƙwari, busasshen in tattara shi a buhu ɗaya. Kowace shekara daga tushe yake farowa, ba ya samun damar tara tsohuwar ƙaiƙayi a sama. Jackmanii, wanda George Jackman ya samar a Ingila a 1858, shi ma haka ake masa. Nelly Moser kuwa, tsohon iri na Faransa mai faɗin fure, ranar nan tana wanke masa launi cikin kwanaki, ga saurin kamuwa da ciwo. Kyansa a hoto ne.

Sai rumfar kanta. Kilematis ba ya manne wa bango, ba ya naɗe ginshiƙi. Da ƙafar ganye yake kamawa, tana lanƙwasowa ta zagaye abu kamar yatsan jariri, don haka abin da ya fi fensir kauri ba ta iya riƙe shi. Katako mai faɗi aikin banza ne sai ka ja masa waya ko igiya. Saiwarsa kuma ba ta son zafi. Tukunyar ƙasa babba nake sa masa, ba baƙar roba ba, in rufe bakinta da ɓawon itace, in jingina ta bangon gabas ta sha hantsi ta huta da azahar.

Yanzu maganar Zariya. Gaskiya ban ba ka shawarar kashe kuɗinka ba. Sanyin hunturunku na asuba ne, da hantsi ya watse, ga bazarar Afrilu na jiran saiwa. Da a Jos kake, mai tudun kimanin mita 1,200, da na ce gwada. Ɗora inabi ko fulla, ko ma soson nan da kake rainawa, ka riƙa datse shi kafin ya kai katanga. In ka nace sai ka gwada, viticella ƙwaya ɗaya ya isa, kuma ka sa shi inda awaki da yara ba sa kaiwa, don ruwansa na ƙona fata da baki, ni ma da safar hannu nake taɓa shi.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata irin yakuwar da ta aiko da alhazai ya fito.